Tuƙin Jirgi, Digirin Waya da Kunyar Sambo

Jirgin da ya fara ɗauke mini hankali ba babba ba ne, ba kuma wani kyakkyawa ba. Wani ɗan rawaya ne mai kama da fara, ya zo feshin jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa, a fadamar Kalgo, shekarar da aka kai ni hutu gidan Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata. An ɗora ni kan rumfar tsaron shinkafa, aka ba ni igiya mai gwangwanaye in riƙa ja ina korar tsuntsu. Ni kuwa na ɗaure igiyar a babban yatsan ƙafata, hannuwana suna riƙe da littafin soyayya da na yo haya a kasuwar Gwandu. Ina daidai wurin da saurayi ya tsaya ƙofar gidan su yarinya yana gyara hula, sai na ji ƙara. Na ɗaga kai, ga shi ya taho ƙasa-ƙasa, ranar yamma tana wasa a gilashinsa, har na hango kan mutumin da ke ciki. Ya karkata fiffike ɗaya kamar mai gaisuwa, ya wuce. Ranar tsuntsaye sun ci rabonsu, ni ma na karɓi nawa a hannun Kawu.

A littattafan da na taso da su, matuƙin jirgi dogo ne, mai fararen haƙora, ƙamshin turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Ba ya gumi, ba ya karatu, aikinsa kawai ya sauko daga matakala yana murmushi, 'yan mata suna faɗuwa. Shi nake so in zama. Kuma na lura ku ma shi kuke so ku zama, ku samari da 'yan matan da ke tare ni duk lokacin da na zo gida. Wani ya ce mini, "Yaya Lawali, ai an ce jirgin yanzu shi ke tuƙa kansa." Wata kuma ta ce digirin da ake yi ta waya ai a kwance ake yin sa, ana cin gyaɗa. To ku zauna, in gaya muku yadda na yi su biyun a tare.

Aikin farko da aka ba ni a makarantar koyon tuƙi shi ne in durƙusa ƙarƙashin fiffike da wata 'yar kwalba. Ana tsiyayo mai kaɗan daga tanki, a ɗaga kwalbar a duba a rana. In akwai ruwa a cikin man, zai kwanta a gindi kamar ƙwayar ido. Wannan ɗigon, in ya kai inji kana sama, ya isa ya yi maka shiru. Daga nan ka zagaya jirgin kana shafa shi kamar mai sayen sa a kasuwa: taya, ƙusoshi, farfela, da ɗan bututun da ke auna gudun iska, don zanzaro yana son yin gida a ciki. Kullum sai ka yi, ko da kai ka ajiye jirgin ɗazu da hannunka. Na sa wa jirginmu na koyo suna Gimbiya. Gimbiyar nan a cikinta zafi ya fi na ɗakin gasa burodi, kuma a makon farko sau biyu na yi amai a leda. Babu marubucin da ya taɓa faɗa mini wannan.

Digirin kuwa shawarar Kawu Mamman ne. Manomi ne kuma masunci, amma da na yi masa bayanin cewa duk shekara likita zai duba idona da zuciyata, in ya ga matsala ya hana ni tashi, sai ya ajiye komar da yake ɗinki ya ce, "Wato sana'ar taka tana hannun wani mutum mai farar riga? To ka nemi ta biyu wadda ba a karɓewa." Barin makarantar tuƙi in tafi jami'a ba zai yiwu ba, don haka na yi rajista da wata jami'a mai koyarwa ta intanet, na ɗauki fannin tafiyar da harkar jiragen sama. Da safe ina sama, da rana ina ajin yanayi da taswira, bayan la'asar in buɗe kwamfuta in zama ɗalibin wasu malamai da ban taɓa ganin ko inuwarsu ba. Babu mai tashin ka, babu mai bin ka da bulala. In ka yi sakaci ranar miƙa aiki ta wuce, ƙofar ta rufe kanta, ba wanda za ka je ka durƙusa wa.

Mu biyu ne daga Kabi a ajinmu, ni da Sambo, Bafulatanin Diggi, wanda ya taso bayan shanun mahaifinsa. Ni na ja shi muka yi rajistar digirin tare. Yana ce mini Mai Littafi, ina ce masa Bahillace. Ban taɓa ganin hannu irin na Sambo ba. Mu in muka sauke Gimbiya sai ta yi tsalle kamar akuya, shi kuwa sai ka ji taya ta sumbaci ƙasa. Ya riga kowa tashi shi kaɗai. Duk makarantar an san cewa in mutum ɗaya zai fita da lasisi a ajinmu, to Sambo ne.

Babban malaminmu shi ne Kyaftin Haruna, dattijo mai furfura har a gira, wanda ya yi tuƙi tun ba a haife mu ba. Kafin makaranta ta miƙa ɗalibi ga masu ba da lasisi, sai ya bi ta hannunsa, kuma dama biyu ce kawai. Wanda ya faɗi sau biyu ya tattara kayansa. Kyaftin yana da wata ɗabi'a da tsofaffin ɗalibai ba sa faɗa wa sababbi. Yakan karɓi tuƙi a tsakiyar gwaji, ya yi kuskure da gangan, ya jira ya ga abin da za ka yi.

A gwajin Sambo na farko, Kyaftin ya miƙa hannu ya murɗa makunnin mai zuwa tankin da ya kusa ƙarewa, ya ci gaba da hira. Sambo ya gani sarai. Bai ce komai ba. Ya jira har dattijon ya juya yana kallon taga, ya sa hannu a hankali ya mayar da makunnin inda ya dace. Da suka sauka ina tsaye a inuwar rumfar jirage, na ji komai.

"Wa ya taɓa mini mai?"

"Ni na, Baba."

"Ka ga na yi kuskure?"

Sambo ya sunkuyar da kai. "Ai ba kuskure na ba, Baba. Mantuwa ta."

"To me ya hana bakinka buɗewa?"

Kyaftin ya cire abin kunnensa ya rataya a wuya. Ya ce, "Sambo, a ƙasa ni Baba ne, na kuma gode. A sama ba ka da uba. Hannu biyu a kan jirgi ɗaya, kowanne bai san abin da ɗayan ke yi ba, haka ake mutuwa. Da ka yi shiru ka bar shi ma da ya fi mini sauƙi, da gyaran ɓoye."

Ku da kuka taso a nan kun san abin da Sambo ya yi. A gidajenmu in mahaifinka ya ɗaure sa da ƙullin da zai kwance, ba ka cewa Baba ka yi ba daidai ba. Sai ka bari ya ba da baya, ka sake ƙullin, ya dawo ya tarar da sansa a ɗaure, girmansa kuma bai taɓu ba. Tarbiyya ce mai kyau, da ita aka san ɗan mutunci. Amma a cikin jirgi ita ce cuta. Ni ma ina ɗauke da ita, sai dai Allah ya sa an fara yi mini magani ta inda ban zata ba.

A cikin malaman digirinmu akwai wata mai koyar da darasin haɗurran jirage, tana wata ƙasa can, murya da rubutu kawai muka sani. Takan rubuta ra'ayinta a kan wani haɗari, ta ce kowa ya nemo inda ta yi kuskure. Amsata ta farko godiya ce da yabo, na tsara mata su kamar wasiƙar neman aure. Ta ba ni sifili, ta rubuta a ƙasa cewa ba ta tambaye ni lafiyarta ba. Haka na koyi rubuta "Malama, a nan ba ki yi daidai ba." Da na ga sama ba ta faɗo ba, sai na saba. Sambo kuwa a wannan aji zaki ne. Yakan wargaza hujjar malama layi-layi, har ta riƙa sa amsarsa a gaba ta ce kowa ya karanta.

Kafin a zo gwajina, da na Sambo na biyu, sai muguwar shekara ta faɗo. Man jirgi ya yi wuya, kayan gyaran da aka yi oda suka ƙi isowa, Gimbiya da 'yan uwanta suka zauna a rumfa an lulluɓe su da tamfol. Aka ce kowa ya tafi gida sai an neme shi. A shekarar ce kuma ruwa ya cinye shinkafar fadama. Na koma Gwandu ina taya mahaifina ban ruwan albasa, 'yan majalisa suna yi mini kirari in na wuce da jaki: "Direban sama, a sauka lafiya!" Wata tsohuwa a ƙauyen Malisa ta tare ni da gaske tana tambaya ko an kore ni ne don na kayar da jirgin mutane.

Abin da ya riƙe mu a watannin nan digirin ne, don shi bai san an rufe makaranta ba. Na koma gidan Kawu a Kalgo saboda sabis ya fi ƙarfi, Sambo yana zuwa daga Diggi a kan babur. Mukan kai kwamfuta shagon mai caji da safe, da hantsi mu hau tudu inda waya ke kamawa, mu zauna gindin wata bishiya mu saukar da darasi. Jarrabawa kuwa doka ce ka kasance kai kaɗai a ɗaki, kyamara tana kallonka. Ranar wata babbar jarrabawa na roƙi duk gidan kada a shigo. Ina tsakiyar rubutu sai ga Inna Hajo, matar Kawu, ta turo labule da ƙwaryar fura, ta leƙa fuskar kwamfutar ta ce, "Wanga na malamin? Sannu da aiki, Malam, a yi mai sauƙi, maraya na." Ni ba maraya ba ne. Sai da na yi mako ina rubuta wa jami'a bayanin cewa matar ba ta kawo mini amsa a cikin fura ba.

Hannu yana tsatsa in ba a tashi, don haka muka riƙa tuƙin zaune. Mu kifa turmi biyu a zaure, muciya ce sandar tuƙi, mu rufe ido muna faɗin kowane mataki daga tayar da inji har sauka. A nan na ce bari in yi wa Sambo magani. Na naɗa rawanin Kawu, na manna auduga a haɓa, na zama Kyaftin, na riƙa yin kuskure. Kafin in rufe baki ya daka mini tsawa: "Kai Mai Littafi, kashe mu za ka yi? Ɗaga hancinta!" Na ce to madalla, saura furfurar gaske. Muka roƙi Kawu Mamman ya hau turmi. Na koya masa abin da zai ce. Ya gyara zama ya ce, "To, yanzu sai mu kashe inji mu huta, tunda mun yi nisa."

Sambo ya dubi ƙasa ya ce, "Haka na, Kawu."

Kawu ya yi dariya har da hawaye. "Wanga yaro, ko rijiya na ce mu faɗa, cewa zai yi in shiga gaba."

Da aka buɗe makaranta ni aka fara kira. Damina ce, hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, samansa fari kamar tulin auduga. Kyawunsa ya isa a rubuta masa littafi, cikinsa kuma ya isa ya karya jirgi kamar kara. Kyaftin ya karɓi tuƙi ya nufe shi kai tsaye, yana cewa ai akwai 'yar kafa a tsakiya, shi ya sha wucewa ta irinta. Ban dube shi ba. Na kafe idona a kan agogunan gabana, na ɗauka malamar nan nake rubuta wa. Na ce, "A'a, Kyaftin. Ba za mu shiga ba. Mu juya hagu yanzu." Ya ce, "Ni kake gaya wa?" Na ce, "Kai nake gaya wa. In ba ka juya ba zan karɓa." Ya saki sanda, ya naɗe hannu, na juya da jirgin muka sauka. A ƙasa ya ce in je in wanke fuska, na ci gwajin.

Na ruga na gaya wa Sambo dabarar: kada ka dube shi, ka dubi agogo, ka ɗauka rubutu kake yi. Ya ce ya ji.

Washegari na tsaya bakin fili ina kallon su suna dawowa. Gimbiya ta taho ƙasa fiye da kima, ta nufo kan itatuwan da ke gaban titin sauka. Na san Kyaftin ne ke tuƙi, na san kuma jira yake. Na ji kaina ina cewa, yi magana, Bahillace, yi magana. Suka ƙara yin ƙasa. Can sai injin ya yi ruri, jirgin ya ɗaga, ya zagayo ya sauka daidai. Kyaftin ne ya ɗaga shi da kansa. Daga baya ya ce Sambo ya buɗe baki, amma abin da ya fito shi ne, "Baba, Allah shi ba ka nasara, ko da za a ɗan..." Kafin ya gama gaisuwa itace ya iso.

Kyaftin da kansa ya raka shi bakin ƙofa. Ya ce masa, "Ban taɓa koyar da mai hannunka ba, kuma ba zan sa hannu a takardarka ba. Wata rana za ka zauna kusa da wani tsoho wanda kuskurensa na gaske ne, da mutane cike a bayanku."

A tasha na tambayi Sambo me ya faru da dabarar. Ya ce, "Na dubi agogon, Lawali. Amma Kyaftin ya yi tari. Tarinsa irin na Bappana na."

Na sami lasisi, na gama digiri, na shiga aiki. Fasinjoji na ɗauka iri-iri. Na ɗauki tsohuwar da ta aiko a tambaye ni ko na yi alwala kafin in taɓa jirgin. Na ɗauki ɗan kasuwar da ya rantse jarkar man shanunsa ba za ta rabu da cinyarsa ba. Amma aikin da nake auna kaina da shi wani ƙaramin jirgin haya ne, da wani babban mutum sa'an kakana da ke sauri zuwa ɗaurin aure, hadari kuma ya tare hanya. Mutanensa suka kewaye ni, wani yana cewa ko ban san wane ne ba. Na cire hula na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu tashi ba." Ya yi fushi, ya tafi a mota, ya isa da ransa. Wannan kalmar ita ce sana'ar. Saukar da jirgi kowa zai iya koya. Kuma in kuna jin jirgi yana tuƙa kansa, to ku sani bai iya cewa a'a ba.

Sambo ya koma Diggi, zango ɗaya ya rage masa a digiri. Na ɗauka zai watsar. Kawu ya ce mini kullum da hantsi yana ganin baburinsa a gindin tudu. Ya gama da sakamakon da ya fi nawa. Da aka buɗe ɗaukar masu kula da zirga-zirgar jirage, waɗanda ke zama a hasumiya suna ba matuƙa umarni ta rediyo, masu digiri ake nema. Ya nema, aka ɗauke shi, aka tura shi horo. Daga nan aiki ya raba mu, sai gaisuwar salla ta waya.

Bayan shekaru, ina mataimaki ga wani tsohon kyaftin da duk kamfaninmu ake shakkarsa, muka nufo wani filin jirgi da rana tsaka, bayan an ɗauke ruwa. Shi ke tuƙi. Mun daidaita, taya a waje, titi yana sheƙi a gabanmu, wani jirgin da ya riga mu sauka yana jan jiki bai gama fita ba. Sai murya ta shigo kunnenmu da Turancin aiki, a daƙile, ta ce mu fasa sauka mu ɗaga. Tun kalmar farko na gane ta, ta Sambo ce. Kyaftin ya danna rediyo ya ce yana ganin titin da idonsa, wancan zai fita kafin mu iso. Muryar ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta maimaita umarnin da ƙarfi, babu don Allah, babu ranka ya daɗe: ku ɗaga, yanzu. Muka ɗaga. Muna wucewa ta sama na leƙa, wancan jirgin ya tsaya cak, wutsiyarsa tana kan titi.

Da muka sauka muka je masallacin filin yin azahar. Muna sa takalma sai ga Sambo, ya yi 'yar ƙiba, katin aiki a aljihun riga. Ya ƙifta mini ido, sannan ya zube gaban kyaftin har ƙasa, ya gaishe shi, ya juya masa takalmansa. Dattijon ya ji daɗi ƙwarai. Ya dafa kansa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Har yanzu akwai masu tarbiyya. Ba irin mara kunyar nan na hasumiya ba, da ya daka mini tsawa ɗazu kamar ya sami ɗan cikinsa."

Sambo bai ɗaga kai ba. Ya ce, "A yi haƙuri, Baba. Yaran yanzu sai addu'a."

Yanzu shi ne shugaban masu aiki a wannan hasumiyar. Tsohon kyaftin ya yi ritaya bara, kuma har ya bar aiki, duk saukar da ya yi a filin sai ya aika a kira masa yaron nan mai ladabi, su gaisa, ya kai masa ƙarar na sama.